Cokalin Sukari a Kofin Inna

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Mu nan lafiya lau. Inna ma da sauƙi, sai dai ciwon gwiwar nan da ya zama ɗan gida.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya sami mai bakin nan har ta koma biro da takarda. To tun da aka ƙara haraji a kan kiran waya, kafin mu gama gaisawa kati ya ƙare. Ban da haka, kin san bangon ofishinmu katako ne, matar ƙanenmu Dogo kuwa kunnenta ya fi na kowa lafiya. Abin da nake so in faɗa miki ba na ɗaga murya ba ne.

Kin dai ji labarin sabon harajin da za a ɗora wa kayan zaƙi nan da wasu watanni. Mu masu lemon kwalba mu ne a sahun gaba. Ba a kanti za a karɓa ba, tun daga bakin injinmu za a ɗora shi, kowace kwalba da nata. An raba shi hawa biyu: lemon da sukarinsa ya haura wani ma'auni zai biya mai nauyi, wanda bai kai ba zai biya mai sauƙi. Namu kuwa kin san shi, haɗin Baba ba ya rowar sukari. In muka ƙara wa kwalba kuɗi, masu kanti su koma wa na manyan kamfanoni. In ba mu ƙara ba, aikin banza muke yi. Maganar gaskiya, Yaya, masana'antar da Baba ya bar mana tana iya rufewa a hannunmu.

Mun zauna a ɗakin Inna, ni da ƙanenki Dogo. Tunda shi ke haɗi ni ke ciniki, na zaci zai zo da wata dabara ta arziki. Sai ya buɗe baki ya ce wai a rage sukari. Kin san hali. Ban bari ya kai aya ba. Na ce masa Baba ya yi shekaru yana gyara haɗin nan kafin ya tsaya, da shi aka ciyar da mu aka aurar da mu, duk wanda zai taɓa shi sai dai ya bi ta kan gawata. Inna kuwa tana ta juya lotsattsen kofin silbar nan na Baba a hannunta. Har yau a cikinsa ake kai mata ɗanɗano kowace safiya, kuma ba a tada injin cika kwalba sai ta kurɓa ta ce a tada. Dogo ya kalle ni, ya ce shi ke nan, an bar maganar.

Wannan saurin haƙuri nasa shi ya hana ni sukuni. Yaushe Dogo ya taɓa barin gardama da wuri haka? Mutumin da zai yi musu da ke a kan ranar da aka haife ki! Washegari kuma na tarar ya sa sabon kwaɗo a ɗakin haɗi, ɗakin da tun zamanin Baba sakaya shi kawai ake yi. Na tambaye shi, ya ce wai ɓeraye ne suka dame shi. Ni dai ban taɓa ganin ɓeran da ke murɗa hannun ƙofa ba.

Ki taya mu da addu'a, kuma ki rubuto min abin da kike gani. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan autarki.

Taki har kullum,
'Yar Baba

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan uwa. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin cewa ƙafa ta saɓe. Inna ta ce a gaya miki ki rage yawon gidajen biki, ita ce maganin.

Kin ce in sa ido amma in kama bakina. Idon dai na sa, bakin ne nake fama da shi. Ga abin da idon ya gano.

Akwai wani mutum da ya fara zuwa wurin Dogo, siriri, mai tabarau, kullum rataye da wata baƙar jaka da ba ya yarda ya ajiye ta a ƙasa. Ba ya biyowa ta ofis ya gaishe ni kamar kowane baƙo, sai ya zagaya ta ƙofar da ake sauke kwalabe. Su shige ɗakin haɗi, su turo ƙofa, sai ƙus-ƙus. Ranar da na tare shi a bakin famfo na ce bawan Allah daga ina, sai ya hau in-ina, ya ce shi abokin Dogo ne tun na makaranta. Ke kin san abokan Dogo kaf, a gidanmu suka ƙare ƙuruciyarsu suna cinye mana abinci. Kin taɓa ganin mai tabarau a cikinsu?

Abin da ya faɗo min a rai shi ne, manyan kamfanoni sun baza wakilai suna saye ƙananan masana'antu irin tamu, don sun san harajin nan zai durƙusar da mu. Masu lemon da ke bayan gareji sun riga sun sayar, yanzu wurin ya zama sito. Takalmin mutumin nan, Yaya, ba na mai neman aiki ba ne.

Na biyu kuma ya fi wannan muni. Na tura a ɗauko min tsintsiya a sito, ba a samu ba, na je da kaina. Sai na ga Dogo da direba suna loda buhunan sukari a motar Baba. Sukari shigowa yake yi gidan nan, ban taɓa ganin ya fita ba sai a cikin kwalba. Da ya gan ni sai ya ce wai danshi ya kama su, zai mayar wa dilan da ke kawo mana shi ya canza. Na sa hannu na taɓa buhu ɗaya, a bushe yake ƙamas. Motar ta dawo wayam, ba canji ba dalilinsa.

Na so in ɗanɗana lemon da kaina, amma kin san tun cikin ƙaramin nan likita ya raba ni da zaƙi, kuma me zan ɗanɗana wanda harshen Inna bai riga ni ba? Kullum ana kai mata kofi, kullum tana cewa a tada inji. Wannan ne kaɗai ke ɗan kwantar min da hankali. Mai kantin bakin tasha ma cewa ta yi lemonmu ya fi sauka a maƙogwaro kwanan nan, ba ya barin ƙishi. Na san ta, daɗin baki ne na neman ragi.

Shi kuwa gogan naki ya rame, ya daina haɗa ido da ni. In na shigo ɗaki ya fita. Matarsa ta koma gaishe ni har da rusunawa, abin da ba ta yi ko a makon da aka kawo ta. Raina ba ya so ya yarda cewa ɗan da muka goya zai sayar da mu, amma na kasa samo wa abubuwan nan wata fassara.

Kada ki faɗa wa maigidanki tukuna, kin san shi da Dogo ba a shiga tsakaninsu.

Ƙanwarki,
'Yar Baba

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kin tuna lungun nan da ke tsakanin ɗakin haɗi da ƙofar shiga gida, inda muke tara kiret-kiret na kwalaben da ba kowa a ciki? Ta tagar ofis ana hango shi in an ɗaga labule. Da safe na ɗaga don in sha iska, sai ga Dogo ya fito da kofin Inna. Ya tsaya a bayan kiret, ya waiga dama da hagu, ya zaro wani ƙullin leda daga aljihun rigar aikinsa. Ya zuba wani farin abu a kofin, ya juya da ƙaramin cokali, ya mayar da cokalin aljihu, ya wuce ciki yana sallama kamar mutumin kirki.

Na ce wa kaina ido ne ya yi min gizo. Washegari na sake laɓewa, ya sake. Rana ta uku ma haka.

Yaya, masana'antar nan da sunan Inna take, ba mai iya sayar da ita sai da yardarta. Kuma kwanan nan Inna ta cika gyangyaɗi da hantsi, tana magana ta manta inda ta tsaya. Da ina cewa tsufa ne. Yanzu ban san me zan ce ba. Ina rubuta wannan ina neman gafarar Allah, don abin da zuciyata ke raya min game da ɗan uwana ko maƙiyi ban so in zarga da shi ba. Na je na zauna kusa da Inna ina kallon ƙwayar idonta, har ta tambaye ni ko bashi nake bin ta. Na yi dariyar dole na tashi.

Na kasa faɗa mata. In ƙarya ne na kashe ta da baƙin ciki a banza, in gaskiya ne ma haka. Na kasa tunkararsa, don zai sake kawo min zancen ɓeraye. Abin da ya rage shi ne in shiga ɗakin nan in gani da idona. Makullin yana aljihun rigar aikinsa, rigar kuwa ba ta barin jikinsa, amma dai wata rana zai cire.

Kin ce a takardarki in bi a hankali. Ina bi, Yaya, amma uwa ɗaya gare mu.

Ƙanwarki,
'Yar Baba

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da yara da babansu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya Dogo ya gama haɗi da wuri, ya yi wanka, ya sa manyan kaya, ya ce wa ma'aikata kada a tada inji sai ya dawo, zai je ɗauko baƙi. Na ce a raina yau ne ranar cinikin, masu saye zai kawo. Yana fita na nufi ƙusar da ya rataye rigar aikin. Ga makulli, ga cokali, ga ƙullin leda. Na kwance shi na dangwala a harshe, na ce ko mutuwa ce in riga Inna.

Sukari ne, Yaya. Sukari zalla.

Na zauna a kan kiret na yi hamdala har da hawaye. Amma kafin hawayen ya bushe sai wata tambaya ta taso: me zai sa a ƙara wa kofin Inna sukari, in na tanki ya isa? Na buɗe kwaɗo na shiga, na manta da likita, na ɗebo daga tanki na kurɓa. Salam! Ƙamshin yana nan, launin yana nan, amma zaƙin Baba ya tafi. Nan take komai ya haɗu a kaina yadda nake so ya haɗu: yana ƙwange haɗi, yana sayar da sukarin, yana rufe bakin tsohuwa da cokali ɗaya, yanzu kuma zai kawo baƙi su sha wannan ruwan su ce shi ne lemon ubanmu, su taya shi a wulaƙance.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba na ganin gabana. Bokitin awon Baba yana nan a bayan ƙofa, da zanen da ya yi masa da ƙusa a ciki. Tun ina 'yar yarinya nake riƙe masa shi, na san awon kamar sunana. Na jawo buhu daga sito, na auna, na zuba, na kama muciyar ƙarfen nan na yi ta juyawa har kafaɗuna suka sage. Na ɗanɗana, na ƙara, na sake juyawa, sai da na ji Baba a harshena. Sannan na cika kofin daga tanki na kai wa Inna da hannuna.

Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Inna da ba ta wuce kurɓi ɗaya, sai ga shi ta shanye kofin tas, ta goge ido da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a tada inji in Dogo ya dawo. Na mayar da kwaɗo da makulli, na koma ofis ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Sai ga motar Baba. Dogo ya fito, mai tabarau ya fito, sai wasu mutum biyu, mace da namiji, da katin aiki rataye a wuya. Ba masu saye ba ne, jami'an haraji ne. Macen ta yi min bayani da fara'a, ta ce Dogo ne ya nemi a zo a auna lemonmu don a sa mu a hawa mai sauƙi. Za su ɗebi samfuri daga tanki, abin da awo ya nuna shi ne hawanmu, kuma ba a sake awo sai shekara ta zagayo.

Mai tabarau kuwa ranar bakinsa ya buɗe. Ashe ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, abin da ke jakarsa na'urar auna zaƙi ce. Ya ce watanni ke nan suna rage sukarin kaɗan-kaɗan don kada harshen masu saye ya farga, kuma jiya-jiyan nan suka sauka ƙasa da ma'aunin. Buhunan da na gani, rarar ce ake mayar wa dila kafin ta dunƙule. Ya ce Dogo ya roƙe shi kada ya gaya min, wai na rantse a kan gawata, kuma duk abin da na sani Inna ta sani kafin la'asar.

Ina tsaye suka ɗebo daga tankin, suka cika 'yan kwalabe, suka liƙe bakinsu, kowa ya sa hannu. Dogo yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin maganar harajin nan. Har ya matso ya ce min in yi haƙuri, zai yi min bayani, Baba ma da yana nan abin da zai yi ke nan. Yaya, da na yi magana a lokacin, wataƙila da sun yarda sun dawo wata rana. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa, ranar ya ƙi buɗuwa. Kunya ta riƙe ni har motarsu ta fita.

Yanzu sakamako muke jira. Dogo yana ta fito yana wanke tanki, ni ce na koma fita in ya shigo ɗaki.

Ƙanwarki mai neman addu'arki,
'Yar Baba

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Na ga takardarki, na kuma gode da ba ki ce komai ba game da shawarar sa ido. Ni ma ba zan ce ba.

Sakamako ya fito. An sa mu a hawa mai nauyi har shekara ta zagayo.

Dogo ya karanta, ya zauna a ƙasa a tsakiyar ma'aikata. Daga nan ciwon da na yi fama da shi ya koma kansa. Ya fara da abokinsa mai tabarau, ya ce na'urarsa ta ƙarya ce, ko kuma manyan kamfanoni sun saye shi. Ya koma kan jami'an, ya ce sun musanya kwalba. Da ya buɗe kwalba ɗaya daga haɗin ranar ya kurɓa, sai ya gane a gida aka yi abin. Ya bi ma'aikata da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan dattijuwar nan mai wankin kwalba, wadda ta yi aiki da Baba tun kafin a yaye Dogo, don ita ce ke yawan cewa lemon zamanin Baba ya fi na yanzu. Ya ce ta tattara kayanta. Ni kaɗai ce bai zarga ba. Wai ni ko lemon ba na sha.

Ina ganin tsohuwar nan tana naɗe tabarmar sallarta, na ce masa ya zo ɗakin Inna. A can na faɗa masa komai, tun daga labulen taga har bokitin Baba, har da abin da na zarge shi da shi game da kofin. Wannan na ƙarshen ne ya fi yi masa ciwo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni sau ɗaya ko da gaske na zaci zai cuci Inna, na ce e. Ya sunkuyar da kai.

Sai Inna ta yi magana. Ta ce tun makon farko ta sani. Sukarin da aka juya da cokali a lungu ba ya narkewa duka, kullum tana ganin 'ya'yansa a gindin kofi. Ta yi shiru ne don ta ga yaron ƙoƙari yake kada a rufe ƙofar ubansa, kuma tana jiran ranar da 'ya'yanta za su zauna su gaya wa juna gaskiya, ba su zauna ba. Gyangyaɗin kuwa maganin gwiwa ne. Ta ce ranar da na kawo mata kofi ta san abin da na yi, ta san kuma ba alheri zai jawo ba, amma ta kasa ajiye kofin, don ta san ba za ta ƙara shan lemon mijinta ba.

Ba mu rufe ba, Yaya, amma sai da muka sayar da motar Baba don mu iya kaiwa baɗi. Ranar da mai saye ya zo, Dogo ne ya wanke ta da kansa. Yanzu haya muke ɗauka a kai kaya. Haɗin kuma ya koma na Dogo, mai ƙarancin sukari, muna biyan harajin zaƙin da babu shi a kwalbar. Mai wankin kwalba tana nan, na je har gida na ba ta haƙuri.

Ya cire kwaɗon daga ɗakin haɗi. Amma na lura duk lokacin da na gifta ta ƙofar, sai ya tashi ya leƙa tanki, ba ya ko kallona. Ban ga laifinsa ba.

Inna ta ce ta yi murabus daga ɗanɗano, harshenta na wani lemo ne da aka daina yi. Ta miƙa min kofin a gaban Dogo, ta ce kurɓi ɗaya ba zai kashe ni ba, ta tambayi likita. Don haka kowace safiya Dogo yana ɗebowa daga tanki, ya kawo min ofis, hannu ɗaya riƙe da kofi, ɗayan a buɗe inda zan gan shi. Ya tsaya a kaina, ma'aikata suna jira a bakin inji. Salam nake jin sa, Yaya, har yau ban saba ba. Sai in haɗiye, in miƙa masa kofin, in ce a tada inji.

Ki gaida maigidan da yara. In kin samu hali ki zo, Inna tana cigiyarki, Dogo ma zai so ya ga wadda zai iya yi wa hira.

Ƙanwarki